Yadda ake dasa kaktus daga yankan reshe a Yamai

Kaktus na cikin tsirran da ba su da wuyar yaɗawa. Ganye ɗaya da ka roƙo daga gindin maƙwabci ya isa ya zama sabon gindi, ba sai ka nemi iri ba, ba kuma sai ka sayi maganin fidda saiwa ba. Duk da haka mutane da yawa a Yamai sukan tarar abin da suka dasa ya yi baƙi daga ƙasa, ya zube cikin mako biyu. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an yanko, an dasa a ranar, an kuma bi shi da ruwa safe da yamma yadda ake yi wa dashen tumatir. Jikin kaktus kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, wurin da wuƙa ta bi kuma ɗanyen miki ne. Da zarar mikin nan ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙwayoyin da ke kawo ruɓa sun sami ƙofar shiga. Saboda haka abu biyu ne ke riƙe da aikin duka: a bar mikin ya bushe kafin ya taɓa ƙasa, a kuma hana shi ruwa har sai ya yi saiwar da zai sha da ita.

Kafin ka ɗauki wuƙa, ka tabbata kaktus ne a gabanka. Masu sayar da furanni a bakin titi sukan kira duk tsiro mai kauri da ƙaya kaktus, alhali wasu dangin ƙerana ne da tinya. Kaktus asalinsa daga nahiyar Amurka yake, musamman Meziko, su kuwa ƙerana da tinya da aguwa namu ne na Afirka. Ka soki jikin da tsinin allura. Idan farin ruwa mai kauri ya tsatso, galibi dangin ƙerana ne, don ruwan mafi yawan kaktus garai yake, da ɗan yauƙi. Farin ruwan nan yana ƙona fata, in kuma ya fantsama a idon mutum yana iya yi masa mummunar illa, sai a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15 sannan a tafi likita. Su ma suna kamawa daga yankan reshe, amma da safar hannu ake taɓa su, a kuma tsoma wurin yankan cikin ruwan sanyi har farin ruwan ya daina zuba.

Sai ka dubi gindin ƙaya. Ƙayar kaktus tana fitowa ne daga wasu ƴan tabbai masu gashi-gashi da ke jere a jikinsa, su ne idanunsa. Daga idon ne sabon ganye yake tohowa, daga nan fure yake fitowa, kuma a irin kaktus mai faffaɗan ganye har saiwa takan fito daga nan. Yankin da babu lafiyayyun idanu a jikinsa ba zai ba ka sabon tsiro ba.

Lokacin da ya fi dacewa

A Yamai lokaci biyu ne suka fi: bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, da kuma Fabrairu zuwa farkon Maris. Iska a bushe take, miki na saurin ƙamewa, kuma akwai ɗumin da saiwa ke so. A Disamba da Janairu sanyin dare yana sa saiwa jinkiri, amma yankan ba ya mutuwa, zama kawai yake yi yana jira. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, manyan ganyaye suna jurewa in suna inuwa, ƙananan ƴaƴan da ake cirowa daga gindin uwa kuwa sukan ƙanjame kafin su kama. Mafi muni shi ne Yuli da Agusta. Danshi ya cika iska, miki ba ya bushewa da wuri, ruwan dare ɗaya ya isa ya ɓata aikin mako biyu. Wanda ya zama dole ya yanka da damina, ya ninka kwanakin busarwa, ya kuma ajiye tukunyar inda ruwan sama ba ya kai wa.

Yanka

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, alkol ko ruwan javel da aka sirka (kashi ɗaya javel, kashi tara ruwa), kwali mai kauri, da tsohuwar jarida ko buhu da aka ninka. A goge wuƙar kafin a fara, a sake gogewa duk lokacin da aka koma wani gindi, domin wuƙa ce ke ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa wancan. Dakusasshiyar wuƙa tana murje nama, murjajjen nama kuma shi ne ke fara ruɓa.

Manyan ƙayoyi kowa na ganinsu yana kaucewa. Waɗanda ke wahalar da mutane su ne ƙananan nan masu laushi da ke cunkushe a idanun mai faffaɗan ganye, har da irin da ake cewa ba shi da ƙaya. Suna da ƙugiya, suna ratsa safar hannu ta yadi, su kwana biyu suna ƙaiƙayi. Ka riƙe ganyen da kwali da ka lanƙwasa, ko da awartaki ba tare da ka matsa ba. In sun shiga fata kada ka sosa. Ka cire na bayyane da matsefata, sauran ka manna musu tef mai danƙo ka fizge.

A mai faffaɗan ganye, abin da muke kira ganye a gaskiya kara ne da ya baje, shi ya sa yake iya zama gindi da kansa. Ka zaɓi wanda ya shekara ɗaya zuwa biyu, kore shar, mai kauri, marar tabo ko rauni. Sabon toho mai laushi bai tara abincin da zai riƙe shi har ya yi saiwa ba, tsohon da ya yi ɓawon itace kuma nawa gare shi. Ka yanka daidai gaɓa, inda ganyen ya haɗu da uwarsa, don nan ne ya fi siriri, mikin zai zama ƙarami. Mai son gindi ya girma da wuri yana iya yanko ganye biyu ko uku a haɗe, sai dai dole a tokare su in an dasa.

Dogon kaktus mai tsayuwa sambal ana yanko santimita 15 zuwa 30 daga kansa, a yi yanka ɗaya a miƙe ba tare da an yi ta gurzawa ba. Akwai wani ɗan aiki da mutane ke tsallakewa a nan. Idan ka dubi fuskar yankan za ka ga zobe a tsakiya, wannan zoben shi ne jijiyar da saiwa mai ƙarfi ke fitowa daga gare ta. Naman da ke kewaye da shi yana shigewa ciki in ya bushe, ya bar fatar gefe ta yi tsaye, gindin ya zama rami, zoben bai taɓa ƙasa ba. Maganin abin shi ne ka fere gefunan gindin a karkace, ka bar tsakiyar ta fi gefe tsawo da kamar santimita 1 zuwa 2, yadda ake fere fensir amma ba har ya yi tsini ba. In kuma doguwar sanda ce ka yayyanka gida-gida, ka yi wa kowane yanki alama da gawayi a ɓangaren sama tun kafin ka ajiye shi. Bayan kwana uku ba mai iya gane sama da ƙasa, wanda aka dasa a juye kuwa da ƙyar yake yin abin kirki.

Uwar da aka yanka ita ma tana son kula. Ka gyara kanta ya zama a karkace don kada ruwa ya kwanta, ka barbaɗa toka. Daga idanun da ke ƙasa da yankan za ta fidda sabbin rassa.

Ƙananan masu kewayayyen jiki, waɗanda ake ajiyewa a tukwane don ado, sukan fidda ƴaƴa a gindinsu. Wanda ya kai santimita 2 zuwa 3 ana murɗe shi a hankali ya rabu, in ya ƙi a sa reza. Sau da yawa za ka tarar ya riga ya fara saiwa.

Busar da miki

Nan ne sauri ke haifar nawa. Ka barbaɗa wa mikin garin farar wuta, ko tokar itace mai tsabta, ko garin gawayi, ka kakkaɓe abin da ya yi yawa. Sai ka ajiye yankan a inuwa mai iska, ƙarƙashin rumfa ko gindin dogon yaro, a bisa kwali ko bulo, ba a ƙasa tsirara ba kuma ba a kan siminti mai zafi ba. Kada a sa shi cikin leda, kada a tsoma shi cikin ruwa wai don kada ya yi yaushi. Ganyaye a jingina su da bango ɗaya-ɗaya, kada a jibga su bisa juna su sossoki junansu. Dogon kaktus a tsaye ake busar da shi, misali cikin tukunyar da babu komai a ciki, domin in ya kwanta kwanaki kansa yakan lanƙwashe ya nemi sama, wani lokaci ma ya fidda saiwa ta haƙarƙari.

Da rani a Yamai, ganyen da aka yanka a gaɓa yana son kwana 5 zuwa 7, ƙananan ƴaƴa kwana 2 zuwa 4, dogo mai kauri kuwa mako 2 zuwa 3. Amma yatsa ya fi lissafin kwanaki faɗin gaskiya. Ka danna wurin yankan. In ya yi tauri, ya yi ɓawo fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske, babu danƙo babu laushi, ya isa dashe. In ka ga baƙi ko ka ji wari, ka sake yankewa har ka kai nama mai tsabta, ka fara ƙirga daga farko. Jinkiri ba ya cutar da shi: babban ganye yana iya yin wata guda a inuwa ba abin da ya same shi, sai ɗan tamoji.

Ƙasa da tukunya

Ƙasar garka da ake shuka salati a cikinta tana riƙe ruwa fiye da yadda kaktus ke so, laka ta bakin gulbi kuma ta fi ta muni. Haɗin da ke aiki shi ne tiya biyu ta yashi mai gautsi, tiya ɗaya ta ƙananan tsakuwa ko dakakkiyar marmara ko fasasshen jan bulo, girman ƙwayar wake, da tiya ɗaya ta ƙasar garka da aka tankaɗe. A ƙara garin gawayi cikin tafin hannu. A kula da irin yashin. Rairayi mai laushi, irin wanda iska ke tarawa a gindin katanga, yana danƙarewa in ya jiƙa, ya hana iska kai wa saiwa. Yashin gini mai manyan ƙwayoyi ake so, in kuma ya cika ƙura a zuba shi a rariya a kakkaɓe, a yi amfani da abin da ya rage a sama. Ɗanyen taki bai da wuri a nan, yana kawo ruɓa yana kuma kiran gara.

Gwajin haɗin ba wuya. Ka jiƙa kaɗan ka dunƙula a hannu, in ka buɗe hannun ya kamata ya wargaje. In ya tsaya curi, ƙara tsakuwa.

Tukunyar ƙasa ta fi kowace, irin ta Bubon, garin masu ginin tukwane da ke kusa da Yamai, ko kowace irin da ba a shafe ta da fenti ba, don jikinta yana fitar da danshi yana kuma sanyaya saiwa. Baƙar roba in ta sha ranar Afrilu dafa saiwar take yi. Ko wace iri ce, dole ta kasance da huda a gindi, aƙalla ɗaya mai faɗin yatsa. Jera tsakuwa a gindin tukunyar da ba ta da huda ba ya hana komai, ruwan yana nan kwance a ƙasa. A rufe hudar da ɗan tsingaro don kada yashi ya zube, a ɗora tukunyar bisa bulo biyu. Kada kuma a zaɓi babba don ana fatan girma. Mai faɗin santimita 15 zuwa 20 ta ishi ganye ɗaya, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe.

Dasawa da ban ruwa

A busasshiyar ƙasa ake dasawa. Ganye a tsaye, mikin a ƙasa, a nutsa santimita 3 zuwa 5 a tukunya, a fili kuwa kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. A tokare shi da duwatsu biyu. A waje mai rana, a juya shi faffaɗan ɓangarorinsa su dubi gabas da yamma, ta yadda ranar tsaka za ta sauka a kan siririn gefensa. Dogo a nutsa shi santimita 3 zuwa 5, a ɗaure shi da tsumma a jikin rodi, domin sandar itace gara na cinye ta cikin ƴan makonni. Ƙananan ƴaƴa a ɗora su kawai bisa ƙasa a ɗan danna. Binnewa da zurfi ba ya ƙara saiwa, yawan naman da zai iya ruɓa kawai yake ƙarawa.

A ajiye inda hantsi ke taɓawa amma inuwa ke rufewa daga ƙarfe 10 ko 11. Kwana 10 zuwa 14 na farko ko ɗigo kada a zuba. Wannan shi ne wurin da hannu ke ƙaiƙayi, musamman a gidan da yara ke rige-rigen ban ruwa, don haka a gaya wa kowa a gidan. Da ruwan jikinsa yankan ke rayuwa, kuma busasshiyar ƙasa ba ta hana shi fidda saiwa. Bayan nan a zuba kamar kofi ɗaya da buta a gefen tukunya, nesa da gindin, a bar ta ta bushe sarai.

Daga mako na uku zuwa na shida ake sa ran saiwa. Ka kama shi da kwali ka ɗan ja sama kaɗan, in ka ji yana riƙe, ya kama. Sau ɗaya a mako ya isa gwaji, yawan tumɓukewa yana tsinka sabbin saiwoyin. Wata alamar ita ce tamojin ya baje, jikin ya cika, ko ƙaramin toho ya ɓullo a gefen sama.

Da ya kama, salon ban ruwa ya sake. A zuba sosai har ya fito ta huda, sannan a ƙyale shi sai ƙasar ta bushe har gindi. A soka tsinke ya kai ƙasa, in ya fito da danshi ko yashi manne a jikinsa, a ƙara kwana biyu. A tukunyar ƙasa abin yakan kama sau ɗaya a mako da bazara, sau ɗaya a mako biyu ko uku da ɗari, da damina kuma a bar wa sama aikin, a dai tabbata tukunyar ba ta zauna cikin kududdufi ba. Da asuba ko bayan la'asar ake zubawa, kuma ban da ruwan da ya yi zafi a tiyo ko ruwan wanki. Fitar da shi rana a yi shi sannu a hankali cikin mako biyu, ana ƙara awa ɗaya ko biyu duk bayan ƴan kwanaki. Taki sai bayan ya yi sabon toho, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 a gefen tukunya a farkon damina, ko ruɓaɓɓen takin awaki cikin tafin hannu.

In abu ya ɓaci

Gindi ya yi baƙi, ya yi laushi, yana wari: ruɓa ce, daga ɗanyen miki ko yawan ruwa. Ana iya ceton na sama in an yi hanzari. A ciro shi, a yanke santimita 2 sama da inda baƙin ya tsaya, a dubi fuskar yankan da kyau. In akwai ko ɗigon ruwan ƙasa a zoben tsakiya, a goge wuƙa da alkol a ƙara yankewa, har sai naman ya fito tas. A busar daga farko, a zubar da tsohuwar ƙasar, a wanke tukunyar da javel.

Tabo fari ko rawaya a ɓangaren da ke duban yamma ƙunar rana ce. Ba ya gogewa, amma tsiron zai rayu in an mai da shi inuwa. Sabon toho siriri, fari-fari, mai neman tsawo kuwa ƙarancin haske ne, abin da ke samun wanda aka ajiye cikin ɗaki. Wanda ya yi wata biyu bai ruɓe ba bai kuma kama ba, ko sanyi ne ya riƙe shi, ko an yanko shi bai ƙosa ba, ko a juye yake.

Farin abu mai laushi da ke taruwa a idanu da gaɓoɓi ƙwari ne masu tsotsar ruwan jiki. In kaɗan ne a goge su da auduga da alkol, in sun yi yawa a yanke ganyen a ƙone. A murje ɗaya a gani: in ya fidda jan ruwa, irin ƙwaron nan ne da ya ɓulla a Maroko a 2014 ya lalata gonakin kaktus masu yawa. Shi ya sa duk yankan da ya zo daga wani gida ake duba shi ido-ido, a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Awaki da ragon layya suna cinye marar ƙaya cikin minti kaɗan, kaji kuma suna tone tukunya. A ɗaga ta sama ko a kewaye ta da waya.

Shinge da gona

Mai son shingen garka ko gona ya yanko a farkon Mayu, ya busar mako biyu, ya dasa dab da saukar damina a bisa kunya mai tudun santimita 20 zuwa 30 don kada ruwan Agusta ya kwanta a gindi. Tazarar santimita 40 zuwa 50, layi biyu a saɓe, tana rufewa da kyau, amma shekarar farko shingen shi kansa yana bukatar darni ko ƙaya ta kare shi daga dabbobi. Don ƴaƴan da ake ci ana barin mita 2 zuwa 3 tsakanin gindi da gindi, kuma yawanci daga shekara ta uku yake fara bayarwa.

Kada dai a sa ran irin amfanin da ake samu a Tunisiya ko tsaunukan Habasha. Kaktus da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, don haka dare mai sanyi yake so, dararen bazarar Yamai kuwa zafi gare su, ga iska a bushe wata da watanni. Girmansa a nan yana da nawa, ban ruwa sau ɗaya ko biyu a wata daga Maris zuwa Mayu yana taimaka masa ƙwarai. In za a ba dabbobi, a babbake ƙayar a wuta, a yayyanka, a haɗa da harawa ko dusa, domin shi kaɗai yana sa su zawo kuma abincin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne.

Ragowar da aka sare kada a watsar da ita a bola ko bakin gulbi. Ganyen da ya faɗi a kwance yana fidda saiwa daga idanun da suka taɓa ƙasa, ba tare da kowa ya dasa shi ba. A Ostireliya irin mai ƙaya ya mamaye kusan hekta miliyan 24 kafin a shawo kansa da wani ƙwaro da aka fara saki a 1926. A tara ragowar bisa kwano ko siminti, a daddatsa ta, a bar rana ta ƙona ta har ta bushe, sannan a sa mata wuta.